Mai takarda ba ɗan gari ba ne, ɗan gari kuma ba shi da takarda: zaman rukunin gidaje a gefen Abuja

Ranar jajiberin Sallah, duk wanda ya tsaya a bakin babban titin Kubwa zai ga Abuja tana zazzage mutanenta. Motoci maƙare da yara da akwatuna sun miƙi hanyar Zuba zuwa Kaduna, wasu sun bi ta Nyanya sun nufi Keffi da Akwanga. Ka tambayi kowane magidanci ina ya nufa, amsar ɗaya ce: gida. Mai wannan amsa wataƙila ya shekara ashirin da biyar a Gwarinpa, can aka kai masa amarya, can aka raɗa wa 'ya'yansa suna, kuma gidan da ya garƙame ya baro shi ne kadara mafi tsada da ya taɓa mallaka. Duk da haka bakinsa bai saba kiran wurin gida ba.

Ana yawan ɗora wannan a kan son mahaifa. To amma son mahaifa bai hana Bahaushe zama ɗan zangon Kumasi ko ɗan Sabon Ibadan ba. Abin da ke hana mazaunin rukunin gidaje yin saiwa a Abuja yana cikin dokar ƙasa, yana cikin takardar da ya adana a durowa, yana kuma cikin zanen gidan kansa.

Ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Janar Murtala Mohammed ya sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Legas, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Doka mai lamba 6 ta wannan shekara ta yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na lokacin, ta danƙa mallakarta baki ɗaya ga Gwamnatin Tarayya. Manufar ita ce a samu wurin da babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. Sai dai wurin yana da mutanensa: Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, da gonakinsu na doya da dawa, da kaburburan kakanninsu. Niyyar farko ita ce a kwashe kowa a tsugunar da shi a wajen yankin. Da aka buga lissafin kuɗin, gwamnatin Obasanjo ta sauya shawara a 1978: wanda aikin gini ya iso kansa ne za a tayar. Wasu sun koma Sabon Wuse a Neja, wasu sabuwar Karu da sabuwar Nyanya a ɓangaren da yau yake Nasarawa, amma mafi yawa sun zauna inda suke, a kan ƙasar da doka ta riga ta ce ba tasu ba ce. Sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya sake tabbatar da hakan. Idan aka zo karɓar gonar Bagwari, diyyar da ake lissafa masa ta shuka ce da itatuwa da gini. Ƙasar kanta ba a biya.

A kan irin waɗannan gonaki aka gina rukunonin. Bayan Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamban 1991, ma'aikata suka kwararo fiye da yadda gidajen gwamnati za su iya ɗauka. Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina a Kubwa da Lugbe da Karu, sannan a zamanin Abacha aka yi Gwarinpa, wadda ake yi wa kirari da rukuni mafi girma a ƙasar. Daga shekarar 2000 gwamnati ta buɗe ƙofa ga kamfanoni: za ta ba kamfani makeken fili, ta kawo babban titi da ruwa da wuta har bakin iyaka, shi kuma ya yi na ciki, ya gina gidaje ya sayar. Lokogoma da Galadimawa da Dakwo da Karsana duk 'ya'yan wannan tsari ne. Ɓangarorin biyu sun saɓa alkawari a wurare da yawa. Gwamnati ba ta kai titi ba, kamfanoni kuma, maimakon gina gidaje, suka yanka filayen suna sayarwa.

Nan ne maganar takarda ta shigo, kuma nan ne mafi yawan masu saye ke yin asara. Takardun fili a Abuja ba ɗaya suke ba. Akwai wadda ta fito daga ofishin Ministan Birnin Tarayya: da farko takardar ba da fili, wato R of O, daga baya takardar shaidar mallaka, C of O, ta shekara 99, da lambar fayil a AGIS, ofishin rajistar filayen Abuja da aka kafa zamanin ministancin Nasir El-Rufai. Ita ce kaɗai mai cikakken ƙarfi, kuma ita ma tana da sharaɗi: a biya harajin ƙasa duk shekara, a gina cikin wa'adi. A 2025 an soke dubban takardu saboda bashin wannan haraji. Akwai takardar ƙaramar hukuma, irin wadda AMAC, wato ƙaramar hukumar cikin birnin Abuja, ko ta Bwari suka riƙa bayarwa a da. Matsayin hukuma shi ne minista kaɗai ke da ikon raba ƙasa a yankin, don haka sai an kai ta an tantance kafin ta zama abin dogaro, kuma mutane da yawa sun shafe shekaru suna jiran wannan tantancewa. Akwai takardar sarki ko dagaci, wadda ta fi kowace araha, kuma araha ba ta ado: ranar da motar rusau ta zo, ba ta da bakin magana.

Ta huɗun ita ce a hannun mafi yawan mazauna rukuni, wato wasiƙar kamfani. Uwar takardar tana ɗauke da sunan kamfanin, hekta goma ko ashirin a dunƙule. Abin da aka ba mai saye wasiƙa ce mai cewa an ware masa fuloti mai lamba kaza. Muddin ba a yanka uwar takardar an fitar masa da tasa da amincewar minista ba, a idon hukuma shi ba kowa ba ne. Kamfanin na iya jinginar da uwar takardar a banki ba tare da saninsa ba. Idan hukuma ta soke ta saboda kamfanin ya karya sharaɗi, gidaje ɗari ne suka shiga uku a rana ɗaya. Wasiƙar kuma da wuya banki ya karɓe ta a matsayin jingina. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, ƙarƙashin dokar 1992, yana da damar neman lamuni mai kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari har zuwa shekara 30, amma sai da takarda mai ƙarfi. Ga kuma Musulmi da yawa da ba za su taɓa bashin ruwa ba ko da an ba su. Shi ya sa ake ganin kangaye rututu a rukunoni: mutum yana gini da albashi da adashi, bana a kai linta, baɗi a yi rufi.

Wanda zai saya, kafin ya fitar da ko sisi, ya sa lauyansa, ba lauyan kamfani ba, ya yi bincike a AGIS. A duba ko sunan da ke fayil shi ne sunan kamfanin da ke sayarwa, ko an jinginar da filin, ko akwai bashin haraji, da kuma abin da aka ware filin dominsa, don filin makaranta ko na lambu ba ya zama na zama saboda an kewaye shi da katanga. A nemi taswirar rukunin wadda sashen kula da tsarin gine-gine ya buga wa hatimi, a ƙirga fulotan da ke cikinta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka cire tituna da magudanan ruwa da fili na jama'a, fuloti mai mita 500 da za ta bayar bai wuce 14 ko 15 ba. Wanda ya ga an fitar da 20, ya san wani abu aka cinye, galibi hanyar ruwa ko filin wasan yara. Sai a ɗauki safiyo ya tsaya a kan turakun iyaka ya gwada lambobinsu da na taswira. A biya kuɗi ta asusun kamfani, ba ta hannun dillali ba, a kuma rubuta a yarjejeniya wane ne zai fitar da takardar mai saye, da yaushe, da kuɗin wa.

Sannan a je a ga wurin a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Abuja gari ne na duwatsu da ƙoramu, kuma fili mai kyan gani a watan Janairu na iya zama tsohon kwari da aka cike da jar ƙasa. Lokogoma ta sha ambaliya, har da asarar rayuka. A watan Yunin 2023 ruwa ya shanye gidaje masu yawa a wani rukuni da ke Lugbe har hukuma ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Dalilin kusan ɗaya ne a ko'ina: an matse rafi da katanga, an sa ƙaramin kwalbati inda ake buƙatar gada, kowane gida kuma ya malale tsakar gidansa da siminti, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da ya rasa wurin zuwa sai falon wanda ke gangare.

Bayan tarewa, sai mutum ya gane cewa ya sayi gida ne haɗe da aikin ƙaramar hukuma. Ruwan madatsar Usuma bai kai rukunoni da yawa ba, don haka kowa ya haƙa rijiyar burtsatse. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 kimanin mita 15 ne a 30, alhali tazarar da ake so tsakanin rijiya da ramin bayan gida ta kai mita 30. Ko mai gida ya kai tasa rijiyar kusurwar gaba ya kai raminsa kusurwar baya, ramin maƙwabci na jingine da katangarsa. Rijiya ɗaya mai zurfi ta rukuni duka, da babban tanki da bututu, ta fi aminci kuma ta fi sauƙin kuɗi, amma tana buƙatar abin da ya fi ruwa wuya a rukuni, wato yarda da juna a kan kuɗi.

Wuta ma haka. Taransifoma mai 500kVA abin da take ɗauka lafiya kimanin kilowat 400 ne. A raba wa gida 100, kowa ya tashi da kilowat 4. Na'urar sanyaya ɗaki guda tana cin sama da kilowat 1, ga na'urar dafa ruwan wanka, ga dutsen guga, ga injin jan ruwa. Sannan kusan kowane mai gida ya saka ɗan haya a boskwata, wato ƙananan ɗakunan bayan gida, gida 100 ya koma iyali 150 ko fiye. A watan Maris, lokacin da zafi ya kai intaha, taransifomar ta ƙone, a shiga karo-karo. Tun da aka ɗaga farashin wutar masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu hali sun koma sola, kuma duk wanda ya koma sola ya rage damuwa da taransifomar jama'a.

Ƙungiyar mazauna ce ke riƙe da duk wannan, da albashin masu gadi, da kwashe shara, da cike ramukan titi. Rigimarta sananniya ce. Masu kango da masu gidan da ke kulle, waɗanda ke zaune a Kano ko Landan, ba sa biyan kuɗin hidima, alhali gadin ya shafi kadararsu. Ɗan haya yana cewa gyaran titi na mai gida ne, mai gida yana cewa ai ba shi ke bin titin ba. Kamfanin da ya gina wani lokaci ya ƙi sakin ragamar saboda kuɗin hidima ya zame masa saniyar tatsa. Inda abin ya yi kyau, za a tarar an yi wa ƙungiyar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni da amintattu, asusun banki na da masu sa hannu fiye da ɗaya, an raba kuɗin yau da kullum da ɗan haya ke biya daban da kuɗin manyan ayyuka da mai gida ke biya, ana kuma karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A wurin da babu mai unguwa, taron ƙungiya shi ne kaɗai zauren da Bakano da Ba'ibo da Bayarabe da Batibi ke zama su yanke shawara a kan abu guda.

Tsohon tsarin ci-rani na Hausawa ya san yadda ake karɓar baƙo. Wanda ya sauka a zango yana da mai masauki da zai ba shi wurin kwana, ya tsaya masa a kasuwa, ya gabatar da shi ga Sarkin Hausawa, idan ya zauna lafiya ma a ba shi mata. Shiga ta hanyar mutum ake yi. A rukuni shiga ta hanyar kuɗi ce: hayar shekara guda ko biyu a dunƙule, da la'adar dillali, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya na ɓarna. Ba wanda ya tsaya wa kowa, don haka ba wanda ke jin nauyin kowa. Zanen gidan ma bai san Bahaushe ba. Babu zaure inda mai gida zai karɓi baƙi maza ba tare da sun ratsa iyali ba, babu dakali, babu tsakar gida ta girki da shanya da hirar mata. Ƙofa na buɗewa kai tsaye cikin falo, babban ɗaki guda ne, an zana shi don miji ɗaya da mata ɗaya da yara uku. Mai mata biyu ko mai riƙon tsohuwa da ƙanne dole ya yi ƙari, ƙari kuma sai da izinin hukuma, wanda da yawa ba sa nema sai an shafa musu jan fentin alamar rusau. Ɗan'uwan da ya taso daga ƙauye ba sanarwa, abin da a gida ba laifi ba ne, yana iya tsayawa awa guda a bakin get saboda wayar mai gida ba ta shiga. Kowa ya san dalilin tsauraran matakan, musamman bayan sace-sacen mutane a yankin Bwari a farkon 2024. Amma get ɗin da ke tare ɓarawo shi ne ke tare zumunci.

Lokaci ma ya yi ƙaranci. Mai zaune a Mararaba ko Masaka, wanda a takarda yana jihar Nasarawa ne, yana fita da an sallame Asuba don ya riga cunkoson Nyanya, ba ya dawowa sai bayan Isha'i. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye abin da ake zuwa gaisuwa da dubiya da shi.

Bayan katangar kusan kowane rukuni akwai ƙauye. Can masu gadi da direbobi da 'yan aiki da 'yan garuwa da birkiloli ke kwana, cikin ɗakunan da 'yan asalin wurin suka gina don haya bayan gona ta tafi. Rusau ɗin shekarun 2003 zuwa 2007 ya tarwatsa irin waɗannan matsugunai a Karmo da Chika da wasunsu, hana acaba a tsakiyar birni a 2006 ya ƙara tura talaka waje, amma rukuni ba ya rayuwa ba tare da su ba, sai suka sake tsirowa a gaba. Yanzu an ƙaru da waɗanda suka gudo daga Zamfara da Katsina, da mutanen Gwoza da suka shekara fiye da goma a sansanonin Durumi da Kuchingoro. Abin lura shi ne a waɗannan ƙauyuka tsarin zango yana nan da ransa: akwai Sarkin Hausawa, akwai mai masauki, akwai wanda zai tsaya maka. Mai gadin da ke buɗe get sau da yawa ya fi mai gidan sanin mutanen yankin.

Inda saiwa ke ɗan kamawa a cikin rukuni shi ne masallaci da Islamiyya, da coci ga Kirista. Sahun Asuba ne ke sa a san wanda bai fito ba, buɗa-bakin azumi ne ke haɗa iyalai, matan da suka haɗu a ɗaukar yara daga Islamiyya su ne ke kafa adashi. Shi ya sa rashin ware filin ibada a taswira babban kuskure ne: daga baya a yanki filin lambu ko garejin wani, rigimar lasifika da wurin ajiye mota ta biyo baya. Mutuwa ma tana dasa mutane. Musulmi ba ya jinkirta jana'iza, don haka da yawa daga waɗanda suka yi ta cewa za su koma gida bayan ritaya suna kwance a maƙabartar Gudu. Iyalin da ke da kabarin uba a Abuja sun fara zama 'yan wurin ko ba su faɗa ba. Sai dai rabon gado kan tumɓuke su. Gidan rukuni ba ya yankuwa kamar gidan gargajiya da ake ja wa katanga a fitar da ƙofa biyu. Magada goma, gida ɗaya, takarda kuma da sunan kamfani: mafita ɗaya ce, a sayar, galibi da rahusa saboda raunin takardar, kowa ya kama gabansa.

Doka kuma ba ta taimaka ba. Yankin ba shi da gwamna ko majalisar jiha, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu, sai ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Mazaunin rukuni na da cikakken ikon mayar da rajistar zaɓensa nan ya zaɓi kansila da shugaban ƙaramar hukuma, amma da yawa sun bar katinsu a mazaɓar gida, inda suke ganin ƙuri'arsu na da daraja. Hakan ya sa ba su da wanda za su riƙe a kan titin da ya shiga unguwarsu. 'Yan asalin yankin su ma sun daɗe suna kukan an mayar da su saniyar ware. Sai a 2023 ɗaya daga cikinsu, Zaphaniah Jisalo, ya samu kujerar minista.

Sashe na 318 na tsarin mulki ya ce mutum ɗan jiha ne idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar. Haihuwa a wuri, ko biyan haraji, ko mallakar gida, duk ba sa cikin lissafi. Yaron da aka haifa a Kubwa, ya yi firamare da sakandare a Kubwa, Hausarsa ta cakuɗe da Turancin titi, ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin soja ko na kwastan za a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. Sai ya hau mota zuwa garin kakansa, ya tsaya gaban dagacin da bai taɓa ganinsa ba, a aika a kira kawu ya zo ya shaida cewa ɗan wane ne. Abokin ajinsa Bagwari zai karɓi tasa takardar a sakatariyar Bwari, ya koma gidan da kakansa ya gina, wanda har yau ba shi da lambar fayil a AGIS.